Gajiyar da Kwanciya Ba Ta Maganinta

A gidan Bahaushe, da zarar an ce wane ba shi da lafiya, abin da ake fara yi sananne ne: a yi masa shimfiɗa, a karɓe duk wani aiki daga hannunsa, a ce ya kwanta ya huta. In ya yunƙura zai tashi sai a ce, "Ina za ka? Koma ka kwanta, ai muna nan." Tarbiyya ce mai kyau, kuma ga mai zazzaɓi tana amfani, domin kwana kaɗan ne jiki ya murmure. Sai dai akwai wata gajiya da wannan kulawa ba ta kawar da ita, har ma takan ƙara mata nauyi idan an wuce gona da iri, wato gajiyar da ke kama mai cutar daji, ko kansa, lokacin da ake masa magani da kuma bayan an gama. Abin da binciken likitoci ya tabbatar a shekarun nan shi ne wannan gajiya alama ce ta ciwo, ana auna ta kuma ana yi mata magani kamar yadda ake yi wa raɗaɗi ko amai, kuma mafi ingancin maganinta da aka sani zuwa yau shi ne motsa jiki daidai ƙarfi, bayan likita ya bincika ya gyara abin da ke gyaruwa. Maganar tana da wuyar karɓa ga ɗan da ke kallon mahaifiyarsa tana tashi da ƙyar, don haka ta cancanci a bi ta a hankali.

Lamarin ya shafi Sakkwato kai tsaye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana cikin asibitoci ƙalilan a Najeriya da ke da sashen gashin cutar daji, shi ya sa majinyata ke zuwa masa daga Illela da Tambuwal da Isa, daga Argungu da Birnin Kebbi, daga Gusau da Talata Mafara, har da tsallaken iyaka daga Jamhuriyar Nijar. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu cutar kusan 128,000 a Najeriya, kuma kansar mama ce kan gaba. Mafi yawan waɗanda aka yi wa allurar kemo ko gashi suna fama da gajiya a tsawon maganin, sannan tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku nasu takan bi su watanni, wasu ma shekaru, bayan an sallame su. Ke nan a Mabera ko Runjin Sambo ko Gidan Igwai akwai gidajen da ake zaune da wannan matsala yau, ko da ba a san sunanta ba.

Gajiyar manomin da ya wuni yana huɗa ta san inda ta fito, kuma barcin dare ɗaya yana sallamar ta. Ta mai cutar daji ba ta da wannan lissafi. Mutum zai kwana yana barci ya farka kamar bai runtsa ba; wanka kaɗai ya cinye masa ƙarfin safiya; ya ɗauki waya ya manta wanda zai kira, ya fara magana zaren ya tsinke masa. Masu ita sukan ce jikinsu ya mutu, ko su ce kamar an zare musu laka. Tana kuma da yadda take tafiya. Ga mai karɓar kemo, wanda galibi ake yi duk bayan mako uku, takan yi tsanani a 'yan kwanakin da suka biyo bayan allura, ta lafa kafin zagaye na gaba. Ga mai gashi, wanda akan yi kwana biyar a mako har tsawon makonni, taruwa take yi sannu a hankali, ta kai ƙololuwa dab da ƙarshe ko jim kaɗan bayan an gama. Sanin wannan kaɗai yana rage tsoro, domin majinyata da yawa idan suka ji ƙarfinsu na raguwa sai su ɗauka ciwon ne ke cin su, ko maganin ne bai karɓe su ba, har wasu su yanke zuwa asibiti a tsakiyar magani. Gajiya a lokacin magani ba hujja ba ce cewa maganin ba ya aiki.

Dalilanta suna da yawa, kuma sukan haɗu a jiki ɗaya. Kumburin kansa da magungunan da ke kashe shi suna sa garkuwar jiki ta riƙa sakin sinadarai irin waɗanda ke sa mai zazzaɓi kasala, sai dai a nan ba sa ɗaukewa bayan kwana uku. Kemo yana taɓa ɓargo, inda ake ƙera ƙwayoyin jini, sai jini ya ragu, iskar da ke isa tsoka ta yi kaɗan. Raɗaɗi yana hana barci, tashin zuciya da gyambon baki suna hana cin abinci, wasu magungunan kashe zafi da na amai suna sa mayen barci, ga kuma tunanin kuɗin magani da makomar yara da ke cin mutum a tsakar dare. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa rabinsa abubuwa ne da likita ke iya taɓawa, in dai ya sani.

A nan ne matsalar farko take, kuma daga bakinmu ta fito. Idan likita ya ce, "Baba, yaya jiki?" amsar da tarbiyya ta koya mana ita ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Likitan da ke da layin mutane a ƙofa zai rubuta abin da ya ji ya kira na gaba. Majinyacin kuwa yana ganin faɗin gajiya kamar raki ne, ko kamar rashin godiya ga Allah da ya bar shi da rai. Wannan kunya tana da tushe mai daraja, amma an ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Gaya wa likita abin da ke damun mutum bayani ne don neman magani, malamai ba su ɗauke shi a matsayin ƙorafi ga ƙaddara ba, kuma a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya rubuta littattafai kan cututtuka da magungunansu, bai kamata a ce neman sauƙi ya saɓa wa haƙuri ba. Hanyar da asibitoci ke bi mai sauƙi ce: majinyaci ya ba gajiyarsa maki daga sifili zuwa goma. Daga huɗu zuwa sama, ana bukatar bincike. Wanda bai saba da lamba ba ya faɗi abin da ya daina iyawa: "Da ina zuwa masallaci da ƙafata, yanzu ko alwala sai an riƙe ni." Wannan jimla ɗaya ta fi "da sauƙi" goma amfani ga likita, kuma mai jinya da ke tsaye a gefe yana iya faɗin ta in majinyacin ya ji nauyi.

Abin da za a fara dubawa a Sakkwato shi ne jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma jihar Sakkwato na cikin inda abin ya fi tsanani. Wato mace da yawa ta shiga ɗakin kemo jininta ya riga ya yi ƙasa. In kansar bakin mahaifa ce, ta ɗauki watanni tana zubar da jini kafin ta iso. Maza ma ba su tsira ba: binciken da likitocin asibitin koyarwa suka wallafa ya nuna kansar mafitsara tana cikin waɗanda suka fi kama maza a wannan yanki, abin da ake dangantawa da tsargiyar da ake ɗauka a ruwan fadamu da madatsun ruwa, kuma babbar alamarta fitsarin jini ce. A ɗora zazzaɓin cizon sauro a kai lokacin damina. Irin wannan majinyaci ba tafiya yake bukata da farko ba, gwajin jini yake bukata, wanda ba shi da tsada kuma ana samun sakamakonsa a rana. Kwalin lemon malt da gwangwanin madara da 'yan dubiya ke kawowa da sunan ƙarin jini suna ba da ɗan kuzari na sukari, amma ba sa cike jinin da ya zube. Haka kwalaben maganin ƙarin jini da ake saye a kemis ba tare da gwaji ba: suna amfani ne kawai idan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne dalili, kuma ba kullum ba ne shi. Idan likita ya ce sai an ƙara jini, ɗan'uwa mai lafiya da ya je ya ba da leda ɗaya ya yi dubiyar da ta fi kowace. Bayan jini sai a duba raɗaɗi, barci, ciwon sukari, ƙoda, da kuma, ga wanda aka yi wa gashi a wuya, halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ake kira maƙoƙo, domin gashi yana iya rage aikinta ko da bayan shekaru, kuma ƙwaya ɗaya a rana tana gyara shi.

To, an gyara abin da ke gyaruwa, gajiya kuma tana nan. Me ya sa ba za a bar mutum ya kwanta ba? Saboda kwanciya ba ta barin jiki yadda ta same shi. A shekarar 1966, a birnin Dalas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari biyar masu cikakkiyar lafiya a gado tsawon mako uku. Da suka tashi, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu wajen aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, sai aka ga mako ukun nan na kwanciya sun raunana su fiye da yadda tsufan shekara 30 ya yi. Waɗannan samari ne lafiyayyu. Dattijuwar da ke kan tabarma wata uku, tana cin rabin abin da ta saba, tsokarta narkewa take yi, kuma duk tsokar da ta narke tana sa tafiya zuwa makewayi ta ƙara wuya, wuyar kuma ta sa a ƙara kwanciya. 'Ya'yanta da ke hana ta ɗaga ko buta suna yi ne don ƙauna, amma suna taimaka wa wannan zagaye ba su sani ba.

Hujjar motsa jiki ba ta tsaya a kan hasashe ba. A 2017, Karen Mustian ta Jami'ar Rochester da abokan aikinta sun tattara gwaje-gwaje 113 da suka ƙunshi majinyata fiye da 11,000, suka kwatanta hanyoyin rage wannan gajiya. Motsa jiki da kuma zaman tattaunawa da masana halayyar ɗan Adam duk sun rage ta a fili, magunguna kuwa tasirinsu ya kasance kaɗan ƙwarai. A 2019, taron ƙwararru da kwalejin likitancin wasanni ta Amurka ta kira ya fitar da ma'auni: motsi matsakaici, kamar tafiya da ɗan sauri, kimanin minti 30 sau uku a mako, har tsawon mako takwas zuwa goma sha biyu, in da hali a haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. A 2024 ƙungiyar likitocin cutar daji ta Amurka ta sabunta jagoranta, ta sa motsa jiki a sahun gaba, ta kuma ce kada a riƙa ba da ƙwayoyin wartsake ƙwaƙwalwa don wannan gajiya, domin ba su nuna amfani ba. Wannan ya isa amsa ga mai tunanin taramadol ko lemon ƙara kuzari ko haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda. Sannan a 2025 aka wallafa wani babban gwaji da aka yi galibi a Kanada da Ostareliya kan mutum 889 da aka yi wa tiyata da kemo saboda kansar babban hanji: cikin waɗanda aka ɗora kan tsarin motsa jiki na shekara uku, kashi 80 cikin ɗari sun kai shekara biyar ciwon bai dawo ba, cikin waɗanda ba a ɗora a kansa ba kuwa kashi 74. Wannan sakamako na irin kansa guda ne, kuma ba ya nufin tafiya tana maye gurbin magani, amma ya rushe tsohon tsoron cewa motsi yana yaɗa ciwo a jiki.

Mai hankali zai iya cewa an yi waɗannan bincike ne a ƙasashe masu sanyi, kan mutanen da aka gano ciwonsu da wuri, masu ƙoshi da wuraren atisaye, alhali namu galibi sai ciwo ya yi nisa suke isa asibiti, kuma a Sakkwato zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Maganar gaskiya ce, kuma dole ta canza yadda za a yi abin. Wanda ciwo ya shiga ƙashinsa, musamman ƙashin baya ko cinya, kada ya fara komai sai da izinin likita, domin ƙashin yana iya karyewa da ɗan nauyi. Haka mai jiri, mai tsananin ƙarancin jini, mai zubar jini, da wanda kemo ya kashe masa jin tafin ƙafa har yana tuntuɓe. Zazzaɓi kuwa ga mai karɓar kemo, in ya kai digiri 38, ba na jira ba ne. Asibiti za a tafi a take, ko da tsakar dare, domin garkuwar jiki na iya kasancewa ta faɗi. Amma duk waɗannan iyakoki ne na yawan motsin da irinsa. Dokar narkewar tsoka ɗaya ce a Kanada da Arkilla, kuma ko masu ciwon da ya yi nisa an ga sun amfana da motsi mai sauƙi da ƙwararre ya tsara. Minti 30 ɗin nan ma inda za a kai ne, ba inda za a fara ba. Minti biyar a tsakar gida bayan Asuba, kafin rana ta ɗaga, da wasu biyar bayan Magariba, mafari ne mai kyau. A ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan 'yan kwanaki, sannu ba ta hana zuwa. Tashi daga kujera a sake zama sau biyar, ana dafe da bango, atisayen cinya ne cikakke. Namijin da masallaci ke kusa da shi ya taka zuwa Asuba da Isha'i da ɗan rakiya, ya yi Azahar a gida lokacin bazara. Ma'aunin shi ne ya iya magana yana tafiya. In kuma washegari ya tashi a ragargaje, to jiya ya zarce, sai a rage. A sha ruwa sosai, a rufe fatar da aka gasa daga rana, a rufe hanci lokacin hunturu. Sashen masu gashin ƙashi na asibiti, waɗanda aikinsu ke nan, suna iya tsara wa kowa abin da ya dace da jikinsa, kuma ya kamata majinyaci ya roƙi a tura shi can.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi: mutumin da ya sayar da awakinsa ya biya allura, ya taso daga Sabon Birni da duku-duku, ya hau kabu-kabu daga tasha, ya wuni a kan benci da kunu kofi ɗaya a cikinsa, ai gajiyarsa ta yunwa ce da talauci, kuma ce masa ya motsa jiki kusan cin fuska ne. Ba na musun wannan, kuma babu wani atisaye da zai biya bashin da ke kan hukumomi na rage tsadar magani da kusanto da shi ga mutane. Amma daidai saboda aljihu ya ƙone ne ya kamata ɗan abin da ya rage ya tafi inda yake da amfani. Kuɗin da ake zubawa a ledar ƙarin ruwa a gida, ko a sassaƙe-sassaƙen da ba a san abin da za su yi wa hanta da ƙoda ba yayin da suke fama da kemo, sun fi amfani a ƙwai, wake, ƙuli-ƙuli, awara, kifi, zogale da kunun gyaɗa. Tsoka ba ta ginuwa da tuwo kaɗai. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon a tasa majinyaci da malmala biyu. Fura da nono abinci ne mai kyau a nan, da sharaɗin nonon ya kasance an dafa madararsa, ruwan damun kuma mai tsabta, domin mai kemo ba ya jure ƙwayar cutar da lafiyayye zai shanye ya wuce. Shayi kuma a nisanta shi da lokacin cin abinci, saboda yana rage tsotsar sinadarin ƙarfe.

Akwai kuma rashin fahimta da ke cutar da mata musamman. Idan aka ji cewa motsi magani ne, wani maigidan zai ce to madalla, ta koma bakin murhu. Sam ba haka ba ne. Daka da ɗibar ruwa da wanki da tsayuwa a kan wuta cikin zafi aiki ne da ba ya tsayawa lokacin da jiki ya ce a tsaya. Motsin da ake nufi kuwa majinyaciyar ce ke riƙe da linzaminsa. Abin da ya dace shi ne a ɗauke mata mai nauyi a bar mata mai sauƙi da take so, tsince shinkafa, gyaran ganye, taje kan jika, domin mutumin da aka raba da kowane aiki yakan ji kamar an cire shi daga lissafin gida, wannan jin kuma gajiya ce ta daban. Matar da ba ta fita tana da tsakar gida, ya ishe ta. Ita ma dubiya, duk da ladarta, tana bukatar tsari: ayarin baƙi daga hantsi zuwa dare, kowa sai an tashi zaune an amsa masa gaisuwa, yana cinye ƙarfin da za a yi wanka da cin abinci da shi. Babu laifi wani babba a gidan ya ce, "Hajiya ta ɗan kwanta, ku dawo bayan La'asar." Barcin rana kuma kada ya kai awa guda, don kada ya saci na dare.

Azumi yana bukatar kalma ta musamman, balle idan ya faɗo a lokacin bazara. Shari'a ta ba mara lafiya rangwamen ya sha ya rama, kamar yadda ta ba shi damar yin salla a zaune. Wasu magungunan kemo, irin su sisfilatin da ake amfani da shi ga kansar bakin mahaifa da ta mafitsara, suna lalata ƙoda idan jiki ya bushe. Majinyaci ya tambayi likitansa kafin wata ya kama, ya kai amsar ga malaminsa, maimakon ya yanke hukunci shi kaɗai don kunyar a gan shi yana ci.

Lokacin da aka fi barin mutum shi kaɗai shi ne bayan an gama magani. An yi addu'ar godiya, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, gashin kai ya tsiro, kowa na jiran tela ya koma kan kekensa, malama ta koma aji kamar da. Idan ƙarfi bai dawo ba sai a fara raɗe-raɗin son jiki, ko a ce sammu ne. Ga mafi yawa, ƙarfin yana dawowa cikin watanni, a hankali, da ranaku masu kyau da marasa kyau a gauraye. Ga wasu kuma yakan ɗauki fiye da shekara. Komawa aiki rabin wuni, da ajiye aiki mai wuya a sa'o'in da jiki ya fi kuzari, ya fi a yi wuni guda cur a kwanta uku. In gajiyar ta zo da yawan kuka, rashin sha'awar komai da yanke ƙauna har fiye da mako biyu, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani, kuma a faɗa wa likita. In kuma ƙarfi ya riga ya dawo sannan ya sake zubewa ba dalili, ko ya zo da rama, haki, sabon raɗaɗi ko zubar jini, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. A koma asibiti a wannan makon.